Injin Malama Rahmatu

Abin da ya fi gajiyar da Rahmatu a duniya shi ne shanu marasa kai. Ba na gaske ba, Allah ya kiyaye, na cikin waya. Duk sanda wata sabuwar waya ta shigo kasuwa daga Kano, ba a daɗewa sai wani ya turo mata hoto: ga Buba zaune a kan amalankensa, ga buhunan riɗi, ga hanyar Dingaya da taɓonta, ga shanu biyu suna ja, amma daga wuya babu komai. A ƙasan hoton kuma sai gaisuwa mai tsawo, da addu'a ga iyayenta, da tambayar yara, sannan can ƙarshe a ce, "Malama, a duba mana."

Amalanken Buba gem ne na waya da suka yi ita da George. Aikin mai bugawa ya kora amalanken shanu daga ƙauye zuwa kasuwar Gwaram da damina, ya tsallake rafi, ya kauce wa rami, ya isa kayansa ba su jiƙe ba. George ne mai zane. Mahaifinsa bakanike ne da ya zo daga kudancin Kaduna tun kafin a yi jihar nan tamu, shi kuwa George a bayan tashar Birnin Kudu aka haife shi, kuma aji ɗaya suka yi da Ismail, mijin Rahmatu. Shi ya bi hanyoyin Surko da Unguwar Ya a kan babur yana ɗaukar hoton kowace kuka da kowane dutse, har mutane suka riƙa gane gonakinsu a cikin waya.

Rahmatu kuwa ita ta rubuta injin. Ba injin ƙarfe ba ne, rubutun kwamfuta ne, layuka bila adadin, shi ke gaya wa waya inda haske zai sauka, inda inuwa za ta kwanta, da yadda taya za ta nutse a laka. Manyan kamfanonin gem ma yawancinsu ba sa rubuta nasu, lasisi suke yanka su yi amfani da na wasu. Ita ta rubuta nata ne saboda a lokacin ba su da halin haya, kuma, a faɗi gaskiya, tana da ƙuruciya da taurin kai. George ya sa wani rubutu da ke fitowa da zarar an buɗe gem ɗin: Da injin Malama Rahmatu. Wannan layi ɗaya ya fi komai faranta ran samarin yankin.

Shugabansu Munzali ne, mai rumfar cajin waya a bakin kasuwar Gwaram, wanda ya buɗe zauren masoya gem ɗin a WhatsApp ya naɗa kansa sarkinsa. Munzali bai san ko layi ɗaya na abin da ke cikin injin ba, amma zai iya yini yana bayaninsa. In baƙo ya kawo caji daga Bauchi, sai ya tsare shi ya tambaye shi ko a garinsu akwai macen da ta taɓa ƙera injin gem da hannunta. Mutum ne mai son abu da zuciya ɗaya, kuma irin wannan so yana da nauyi a kan wanda ake yi wa.

Da safe Rahmatu tana koyar da lissafi a Islamiyyar mahaifinta. Da rana girki da yara. Abin da ya rage na yinin kuma na neman kan saniya ne a cikin rubutun da ita kanta ta fara mance dalilin da ya sa ta rubuta shi haka. Ta gyara wa wannan waya, waccan ta lalace. Idonta ya fara ruwa, wuyanta ya ƙage, likita ya ce ta rage kallon kwamfuta, ta yi masa godiya ta koma gida ta buɗe ta. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, har ta kai in wayarta ta yi ƙara gabanta faɗuwa yake.

Wata ranar Laraba, a shagon buga takardu na Ismail inda suke da teburi a lungu, ta rufe kwamfutar a hankali ta dubi George.

"Na gaji, George. Mu ɗauki na haya."

Bai yarda nan take ba. Ya ce mutane ba za su so ba, ya ce zai koyi gyaran ya riƙa taimaka mata, ya ce ko su ɗan dakata zuwa bayan kaka. Ta ce masa duk manomin da ke garin nan injin casa yake haya, ba ta taɓa jin an ce shinkafar ba tasa ba ce. Da ya ga ba ja da baya, ya nemo wani kamfani na ƙasar waje, ya cike takardu, ya sa hannu. Sharaɗin kamfanin shi ne tambarinsu ya fito a farkon gem. Da aka zo sanarwa Rahmatu ta zauna za ta rubuta, ta rubuta ta goge, kunya ta hana ta. Ta roƙi George ya rubuta da sunansa, ya rubuta. Kuskuren ke nan, kuma ba wanda ya gan shi a ranar.

Sabon gem ɗin ya fito da kyau. Ruwan rafi yana ƙyalli, ciyawa tana kaɗawa, kowace saniya da kanta a kowace waya. Masoya suka sauke, suka buɗe, inda suka saba ganin sunan Malama suka ga wani tambari mai juyawa da sunan Turanci. Daga nan ba wanda ya ƙara ganin ruwan rafi.

Zaure ya kama da wuta. Wani ya ce lakar ta yi tsabta da yawa, ba ta Dingaya ba ce. Wani ya ce shanun tafiyar doki suke yi. Wani ya ce hasken na wata ƙasa ne mai sanyi, ba ranar garinmu ba. Rahmatu ta karanta, ta ga wasu ƙorafin gaskiya ne, kuma duk abin da za a iya gyarawa ne a sannu. Wani ɗalibi ya yi ƙarfin halin cewa ai duk duniya haka ake yi, inji kayan aiki ne kawai, Munzali ya fitar da shi daga zauren kafin la'asar. Samari suka koma tura wa juna tsohon gem daga waya zuwa waya. Mutanen da suka shekara suna damunta da hoton saniya marar kai, su ne yanzu suka cire hotunan fuskokinsu suka sa saniya marar kai, alamar suna tare da Malama.

Labarin da ya zauna a bakin mutane mai sauƙi ne: George ya ture baiwar Allah, ya goge sunanta, ya kawo na Turawa. Ai shi ya sa hannu, shi ya yi sanarwa. Ba wanda ya zage shi a fuska, kuma da an zage shi da ya fi masa sauƙi. In ya yi sallama a teburin mai shayi sai a amsa a taƙaice a ci gaba da kallon kofi. Matarsa Edith tana sayar da zoɓo da cincin kusa da tasha, samarin da suka saba cika bencinta suka koma tsallaken titi. Sai kuma wata kalma ta fara yawo a zauren, wadda George bai taɓa jin an jingina masa ba tun da aka haife shi: baƙo.

Rahmatu ba ta yi shiru ba, kada a ɗauki alhakinta. Ta rubuta a zaure cewa ita ce ta nemi a canza, George ma hana ta ya yi, a yi haƙuri a daina ambatonsa. Ta rubuta cikin ladabi, da sallama a farko da addu'a a ƙarshe, yadda aka koya mata a gida.

Amsoshi suka yi ta zubowa. Allah ya ƙara wa Malama haƙuri. Kun ga 'yar gidan malamai, an cuce ta tana rufa wa macucin asiri. Wani ya tuna yadda mahaifinta ya taɓa tsayawa gaban mai unguwa ya ɗauki laifin ɗalibinsa a kansa, ya ce ai gado ne. Duk wanda ya tashi a nan ya san kara: mutumin kirki ba ya tona abokin aikinsa a bainar jama'a, in ta kama ma ya ce shi ne. Saboda haka duk sanda ta ce ita ce, sai su ji ta ce George ne.

Ta yi saƙon murya don su ji daga bakinta. Muryar ta fito a gajiye, domin a gajiye take. Munzali ya ɗora ta a kan hotunan tsohon gem, ya sa kiɗa mai ban tausayi a ƙasa, ya rubuta a ji yadda aka karya mata zuciya. Ta kira shi a waya ta yi masa bayani dalla-dalla, yana ta cewa na'am, na'am, Allah ya ƙara girma. Da ta gama ya sassauta murya ya ce, "Mun gane, Malama. Ba sai kin faɗa ba."

Ismail ya yi dariya har da riƙe ciki da ta ba shi labari, sannan ya ga fuskarta ya daina. Ita kuwa akwai abin da ba ta gaya masa ba. Yabon yana yi mata daɗi. Shekara da shekaru ba a neman ta sai abu ya lalace, yau ga shi ana sa mata albarka safe da yamma ba ta taɓa ko maɓalli ɗaya ba. Ta samu hutu, ta samu suna, kuma ta faɗi gaskiya har sau nawa, to me ya rage a kanta? Da wannan tambayar ta riƙa rarrashin kanta, makonni suka wuce.

Edith ce ta kawo ƙarshen rarrashin. Ta zo da rana tsaka da ledar cincin ta yara, suka gaisa, ta sha ruwa, ta tambayi idon. Sannan ta ce George ya fara tambayar ɗan'uwansa yadda hayar gida take a Jos. Ta ce ba ya barci, ba ya zane, in ya fita sai ya zaga ta bayan tasha don kada ya bi ta gaban mai shayi. Kabarin mahaifinsa yana garin nan, amma ya ce ya gaji da gaisuwar da ba a amsawa da fuska.

Rahmatu ta ce wallahi ta faɗa musu, ta rubuta, ta yi murya, ta kira.

"Na gani, Maman Zahara'u," in ji Edith, tana gyara ɗankwalinta. "Ba faɗa na zo ba. Kin faɗa musu, amma yadda mutumin kirki ke faɗa."

Ta tafi ta bar Rahmatu zaune a tabarma da ledar cincin a hannu. Maganar ta yi mata zafi, kuma zafin na gaskiya ne.

Bayan an gama yankan riɗi Munzali yakan shirya gasar Amalanke a rumfarsa ranar kasuwar Gwaram. Bana ya ce da tsohon gem za a yi, kuma Malama ce babbar baƙuwa. Ba a gayyaci George ba. Rahmatu ta ce za ta zo. Da safen ranar ta ciro tsohuwar kwamfutarta, wadda batirinta ya mutu tuntuni kuma maɓalli ɗaya ya fita, ta naɗe ta a wani tsohon zane. Ismail ya dubi ƙunshin ya dube ta, ya tayar da mota. Duk hanya tana kallon tarin riɗin da aka jingina a gonaki yana shan rana.

Rumfar ta cika har waje. Samari a kan benci, wasu a kan babura, 'yan mata kaɗan a gefe, har da dattawa biyu da suka zo ganin 'yar Malam. An kafa lasifika a kan jarka. Da ta fito daga mota aka tashi tsaye, aka ba ta kujerar roba da aka shimfiɗa wa darduma. Munzali ya yi jawabi mai tsawo, ya kira ta uwar gida da waje, ya ce sun yi alkawari ba mai taɓa injin haya har sai an dawo da injin Malama, ko da shanun duniya duka za su rasa kai. Aka yi tafi. Ya miƙa mata makirufo da hannu biyu.

Ta riƙe shi tana kallon fuskokinsu. Suna son ta, ba ƙarya a ciki, kuma ta san abin da za ta yi yanzu zai kashe wannan son. Ta ji kamar ta yi godiya ta zauna. Sai ta tuna George yana zagawa ta bayan tasha.

Ba ta yi sallama mai tsawo ba. Ta kwance zanen, ta ɗaga kwamfutar sama kowa ya gani, ta juya ga Munzali.

"Ga injin nan, duk yana ciki. Na ba ka, halak malak. Ni ba na son sa. Na tsane shi."

Wani ya fara dariya a baya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye. Munzali ya mayar da hannayensa baya kamar an miƙo masa garwashi. Ta ajiye kwamfutar a kan teburinsa, a tsakiyar wayoyin da ke caji, ta ce daga yau duk wanda saniyarsa ta rasa kai ga mai gyara nan.

Sannan ta yi abin da ba a taɓa gani a gidansu ba, ta fara kama suna. Ta nuna wani dogo mai jar hula ta ce kai Sabo, kai ne ka yi ta kira na ina cikin aji har yara suka haddace ƙarar wayata. Ta nuna wani ta ce shi ya turo mata saƙo ranar da ta haihu, ya yi barka a layi ɗaya, ƙorafi a layi biyar. Ta ce ranar saukar karatun ƙanwarta tana ɗaki tana neman kan saniya, ta fito an riga an shafa fatiha. Ta ce a cikinsu ba wanda ya taɓa tambayar ta ko idonta na gani, sun fi son shanun nan da lafiyarta, kuma mutum ɗaya da ya ce zai koyi aikin don ya rage mata shi ne wanda suke kira baƙo. Muryarta ba ta yi daɗin ji ba ko kaɗan, kuma ba ta rufe da addu'a ba.

Ɗaya daga cikin dattawan ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce da na kusa da shi, yadda kowa zai ji, 'yar malamai ba ta haka. Munzali yana kallon kwamfutar, fuskarsa kamar ta yaron da aka mara a gaban abokansa. Can ya ɗago.

"Malama, ashe da gaske ne."

"Da gaske ne, Munzali."

Ba a yi tafi ba. Ta ajiye makirufon a kan kujera ta nufi mota, mutane suka dare mata hanya, ba wanda ya raka ta. Sai da suka wuce gadar da ke bayan gari Ismail ya miƙo mata ruwa, ta karɓa ta riƙe ba ta sha ba.

Labari ya juya da sauri, yadda ya saba. Kafin kasuwa ta zagayo hotunan saniya marar kai sun sauka ɗaya bayan ɗaya. Aka ce ashe Malama girman kai gare ta, ashe ta daɗe tana raina mutane, ilimin boko ya ɓata tarbiyyar gida. Aka ce George bawan Allah ne, an ɗora masa abin da bai ji ba bai gani ba. Mai shayi ya ƙara masa madara ba a tambaye shi ba, bencin Edith ya sake cika, maganar Jos ta mutu. Wasu suka sauke sabon gem a ɓoye, wasu suka ce sun bar shi har abada, zauren ya koma musu a kan ƙwallo. Mahaifinta kuwa ya daɗe bai ɗago kai daga littafinsa ba ranar da ta je gaishe shi.

George ya zo shago ya zauna a teburinsu, ya buɗe baki zai yi magana, ta ce masa lakar Dingaya tana bukatar a ƙara mata duhu. Ya ce to. Suka yi aiki kaɗan, ta tashi da wuri.

Kwamfutar ta dawo ta hannun wani direban Gwaram, naɗe a cikin zanen nan, an ɗaure shi da kyau, ba saƙo. Ta sa ta a ƙarƙashin gado.

A ranar nan ta idar da sallar azahar, yara suna makaranta, gidan shiru. Babu abin da ya lalace, babu mai jiran ta. Ta kwanta a tabarma ta ɗora hannu a kan idonta, abin da ta yi shekaru tana roƙon Allah ya ba ta. Barci bai zo ba. Ta jawo wayar ta duba, ba saƙo ko ɗaya, ba gaisuwa mai tsawo, ba addu'a ga iyayenta, ba mai cewa a duba mana. Ta ce ƙila data ce ta ƙare, ta shiga ta duba. Datar tana nan.